Solutions Story Tracker: rumbun labaran gyara, da inda ya burge ni da inda ya gaza

Jama'a akwai wani shafi da na daɗe ina so in yi magana a kanshi, sunanshi Solutions Story Tracker, kuma bari in faɗa tun yanzu kar wani ya shiga da wata niyya daban, ba shafin labarai masu sanyaya rai bane irin wanda za ka ga an ceto kyanwa daga saman bishiya ko wani attajiri ya yi rabon kyauta ana ta tafi. Rumbu ne da ake tara rahotannin 'yan jarida daga kafafe daban-daban na duniya, irin rahoton da ɗan jarida zai ɗauki wata matsala ya bi sawun waɗanda suka tashi magance ta ya tambaya ya aka yi, abin ya ci ko bai ci ba, ina shaida, kuma a ina ya tsaya. Kyauta ne, da waya ko kwamfuta duk yana buɗewa, kuma labaran da ke ciki sun haura dubu goma.

Masu shi wata ƙungiya ce a Amurka, Solutions Journalism Network, wadda David Bornstein da Tina Rosenberg da Courtney Martin suka kafa a 2013. Biyun farkon su ne suka riƙe wani fili a jaridar New York Times mai suna Fixes daga 2010 har 2021, duk a kan irin wannan aikin. Ita Rosenberg ɗin yadda ta faɗo harkar ma abin ji ne. Ta so ta yi rubutu kan tsadar maganin cutar ƙanjamau a ƙasashe matalauta, lokacin da kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya kai dala dubu 10 ko fiye, editanta ya ce a'a, mutane sun gaji da labarin baƙin ciki kan ƙanjamau. Sai ta juya ta dubi Barazil, ƙasar da tun 1996 ta yi dokar ba wa masu cutar magani kyauta kuma take haɗa nata maganin da araha duk da matsin lambar manyan kamfanoni. Rahoton ya fito a Janairun 2001, kuma duk tonon asirin da ta so yi tun farko yana ciki, tsadar da matsin lambar da komai, illa dai yanzu akwai wata tambaya da ta hau kai, in Barazil ta iya me ya hana saura. Ka riƙe wannan tambayar dan ita ce ruhin shafin gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, kowa ya san wanda ya ce ya daina sauraren labarai sabida hawan jini. Cibiyar Reuters da ke jami'ar Oxford tana auna wannan a ƙasashe da dama, a 2017 kashi 29 cikin 100 ne suka ce suna kauce wa labarai wani lokaci ko sau da yawa, zuwa 2024 sun kai kashi 39. A ɗaya gefen kuma wani bincike da ya fito a 2023 kan kanun labarai na wani shafin intanet na Amurka mai suna Upworthy ya gano duk kalma ɗaya ta tashin hankali da aka ƙara a kanu tana ɗaga yawan masu dannawa da kusan kashi 2.3. Wato muna dannawa kuma muna gudu, lokaci guda. Edita yana ganin dannawar a lissafinshi, gudun ne baya gani sai ya waiga ya tarar ba kowa.

To yadda shafin yake, ba wani ƙyale-ƙyale. Akwai gurbin bincike, ka rubuta abin da ya dame ka, ruwan sha ko mutuwar mata wajen haihuwa ko shaye-shaye ko rashin muhalli, sannan ka tace da ƙasa ko kafar da ta buga ko sunan ɗan jaridar ko kuma nau'in rahoton, rubutu ne ko murya ko bidiyo. Kowane labari yana da ɗan taƙaitaccen bayani sai mahaɗin da zai kai ka asalin inda aka buga shi. Abin da na fi so a tacewar shi ne suna rarraba labarai bisa dabarar da ta sa abin ya yi aiki, ba bisa matsalar kaɗai ba, sai ka ga labarin asibiti da labarin makaranta sun haɗu a wuri ɗaya dan dukansu sun ci nasara ne ta hanyar kai aikin inda mutane suke maimakon jiran su zo. Wannan kam ba ka samunshi a Google, dan Google bai san dabara ba, kalma ya sani.

Amma ainihin darajar shafin tana ƙofar shiga ne. Kowa na iya tura labari, sai dai akwai masu tantancewa, kuma sharuɗɗansu huɗu ne: labarin ya tsaya kan wani yunƙuri na magance matsala da yadda yake gudana, ya kawo shaidar sakamako ba kyakkyawar niyya kawai ba, ya fitar da darasin da wani a wani wuri zai iya ɗauka, sannan ya faɗi inda yunƙurin ya kasa. Na ƙarshen nan shi ne yake raba aya da tsakuwa. Labarin da bai faɗi gazawa ba talla ne, ko da kuwa ba a biya kuɗi ba. Har suna da jerin abubuwan da suke kira na bogi, masu kama da labarin mafita amma ba shi bane, kaman labarin da zai ɗauki mutum ɗaya ya mayar da shi waliyyi ba tare da an nuna me aikinshi ya canza ba, ko wanda zai zo da wata na'ura ya ce ta gama da matsalar kwata-kwata, ko dogon rahoton kuka da za a liƙa mishi layi biyu a ƙarshe wai "sai dai wata ƙungiya na ƙoƙari", ko shawarwarin masana kan abin da ba a taɓa gwadawa ba. Akwai ma wanda suka sa wa sunan wani ɗan alade da aka haifa ƙafafunshi na baya ba sa aiki aka ƙera mishi keke ya yi suna a intanet, ka kalla ka yi dariya ka ji daɗi, shi kenan, duniya tana nan yadda ka bar ta.

In kana ganin wannan tsaurin ya yi yawa to ka ji labarin PlayPump. Wani lilo ne mai juyawa da aka haɗa da famfo, yara suna wasa ruwa yana hawa tanki, daga Afirka ta Kudu ya fito. Wallahi ko kai ne aka nuna maka hoton sai ka ji ƙwalla, yara na dariya ruwa na zuba, me ya fi wannan. Bankin Duniya ya ba shi kyauta a 2000, shirin Frontline na Amurka ya yi mishi rahoto mai daɗi a 2005, a 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4, burin a kafa guda 4,000 a kai ruwa ga mutum miliyan 10 kafin 2010. Ba wanda ya zauna ya yi lissafi sai daga baya. A 2009 aka buga a jaridar Guardian cewa in ana so a cika alƙawarin sai yara sun riƙa juya lilon awa 27 a rana, ranar da duka-duka awa 24 gare ta. Kowane ɗaya yana cin kusan dala dubu 14, ninkin famfon hannu sau da yawa, in ya lalace gyaranshi aiki ne, kuma a wasu ƙauyukan Mozambik an cire musu famfon hannun da suke amfani da shi aka sa musu wannan ba tare da an ji ta bakinsu ba, ƙarshenta mata manya ne suke tura lilon yara da hannu dan su samu ruwa. Ita 'yar jaridar da ta yi rahoton farko, Amy Costello, ta koma a 2010 ta nuna abin da ya faru, kuma ta cancanci yabo a nan dan ba kowa ke komawa ba. Kun ga kenan labarin fata nagari in aka yi shi da ganganci ɓarnarshi ba ƙarama bace, kuɗi yake jawowa zuwa inda bai dace ba, kuma waɗanda aka ce za a taimaka su ne suke biyan farashin.

Yanzu kwatanta da irin abin da za ka tarar in ka rubuta Friendship Bench a gurbin binciken. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya ga likitocin fannin a ƙasar ba su taka kara sun karya ba, sai aka horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu ciwon damuwa suna bi da su mataki-mataki su warware matsalolinsu, zama shida. Shi ma ai labari ne mai taɓa zuciya, kaka a kan benci. Bambancin shi ne an gwada shi gwaji na ƙa'ida a Harare da mutum 573, sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da alamun ciwon, a rukunin da ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. Ga fata, ga lamba. Kuma rahoto na ƙwarai zai ƙara maka da cewa wannan ba na mai tsananin taɓin hankali bane, shi dole sai likita.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da wasu 'yan jaridar da suke raina harkar suna cewa ai wannan lallaɓa gwamnati ne, shi ne labarin mafita in an yi shi da kyau ya fi na kuka cizo. Misalin da ya fi zauna min shi ne na birnin Cleveland a Amurka. Shekara da shekaru ana rubuta cewa gubar dalma da ke tsohon fenti tana lalata ƙwaƙwalwar yara a gidajen haya, hukuma ta ce abin takaici ne, matsalar babba ce, ba kuɗi. A 2015 jaridar Plain Dealer ta yi jerin rahotanni ta haɗa da abin da wasu biranen suka yi, kaman Rochester da ta yi doka a 2005 cewa a riƙa duba gidan haya kafin yaro ya kamu ba bayan ya kamu ba, kuma yawan yaran da ake samu da gubar ya faɗi ƙwarai. Nan uzuri ya ƙare. Jami'in da zai ce ba ya yiwuwa yanzu sai ya bayyana dalilin da ya sa ya yiwu a wani gari mai irin tsofaffin gidajenshi da irin talaucinshi. A 2019 Cleveland ta yi nata dokar kan gidajen hayan da aka gina kafin 1978. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa daga baya, wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan ce jarida kaɗai ta kawo dokar ba dan akwai iyaye da masu fafutuka da suka sha wuya a kai, amma ta ƙwace wa masu mulki kalmar nan ta "ba yadda za a yi".

To yanzu inda nake da magana.

Na farko rumbun ya karkata Amurka sosai, kuma mafi yawan abin da ke ciki da Turanci ne. Akwai labarai daga ƙasashe masu yawa, ban musa ba, amma in ka bincika matsala kaman ilimi ko 'yan sanda sai ka yi ta ture labaran jihohin Amurka kafin ka kai ga wanda ya yi kama da halin ƙasar da ba ta da kuɗi. Dabarar da ta yi aiki a inda ake da wuta da albashi a kan kari da kotun da ake jin tsoro ba lallai ta yi a inda babu ba, kuma ɗan bayanin da suke sawa bai cika faɗa maka wannan ba, kai za ka yi wa kanka hisabi. Sannan tunda mahaɗi kawai suke bayarwa, in asalin jaridar ta masu biyan kuɗi ce to a bakin ƙofa za ka tsaya. Wannan ba laifinsu bane kai tsaye, haƙƙin mallaka ne, amma mai amfani ya sani.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, labari yana daskarewa a ranar da aka buga shi. Rahoton da ya cika sharuɗɗa huɗu a shekarar da aka rubuta shi yana iya zama tarihi bayan shekara biyar, shirin ya mutu ko kuɗi sun ƙare ko sabon bincike ya rushe tsohon. Ka tuna ƙananan rance ga talakawa, Muhammad Yunus da bankin Grameen sun ci kyautar Nobel a 2006, duniya ta ɗauka an gano maganin talauci, sai ga rikicin bashi a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, sai kuma a 2015 aka fitar da gwaje-gwaje shida daga ƙasashe shida da suka nuna amfanin yana nan amma ɗan kaɗan ne, bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Wanda ya karanta rahoton 2006 kawai zai tafi da rabin gaskiya yana ganin cikakkiya ce. Dan haka duk labarin da ka ɗauko a nan ka fara duba shekararshi, sannan ka fita waje ka nemi abin da ya biyo baya.

Na uku maganar kuɗi. Ƙungiyar da tallafin manyan gidauniyoyi take rayuwa, ciki har da ta Bill Gates, kuma irin waɗannan gidauniyoyin su ne dai suke ɗaukar nauyin ɗimbin shirye-shiryen lafiya da ilimi da ake rubuta labaran nasararsu. A 2020 mujallar Columbia Journalism Review ta buga wani bincike na Tim Schwab da ya nuna Bornstein da Rosenberg sun sha yin rubutu a filinsu na New York Times kan ayyukan da Gates ke tallafawa ba tare da an riƙa bayyana alaƙar ba. Ban ce sun yi ƙarya ba, kuma ban ga dalilin cewa haka ba. Amma tsarin kanshi yana da nauyi a gefe ɗaya, abin da yake da ofis da rahoton shekara da jami'in hulɗa da 'yan jarida shi ke da "shaida" a shirye, dabarar da talakawa suka ƙirƙiro da kansu ba mai auna ta balle ta samu lamba, sai ta kasa shiga ko ta shiga a rame. Kuma akwai matsalolin da ba shiri ne maganinsu ba, yaƙi, satar dukiyar ƙasa, zalunci, waɗannan sai tonon asiri da ƙarfin hali, rumbun nan ba zai maye gurbinsu ba, su ma masu shi dai ba su ce zai maye ba.

Wani abin kuma kar a zuzuta tasirin a kan mai karatu. Binciken da aka yi a jami'ar Texas a 2014 ya nuna waɗanda suka karanta labari mai ɗauke da mafita sun fi jin sun fahimci batun kuma sun fi sa rai, to amma wata mai bincike, Karen McIntyre, da ta bi abin ta gwada ta samu cewa yanayin zuciya yana gyaruwa, ɗaukar mataki kuwa bai canza ba. Ni a ganina wannan ba abin kunya bane, yana dai nuna inda ƙarfin yake. Ba wai mai karatu zai ajiye waya ya fita gyara duniya ba, a'a, amfanin shi ne kansila ko shugaban asibiti ko malamar makaranta ko ɗan jarida a wani gari ya ga hanyar da aka bi ya ɗauka, ko a ɗauka a tsare shi da ita.

In abin da kake nema ɗan sauƙin zuciya ne da safe, gaskiya wannan ba naka bane, zai ma gundure ka dan ba a jera shi dan nishaɗi ba. Ka nemi Positive News ta Ingila da take fitowa tun 1993, ko Good News Network da aka fara a 1997 wanda shi kam daɗin ya fi yawa, ko in kana son sauraro shirin BBC na People Fixing the World, gajere ne kuma suna ƙoƙarin tambayar inda abu ya gaza. Shi Story Tracker kayan aiki ne. Ɗan jarida mai neman ta inda zai ɓullo wa tsohuwar matsala, ɗalibi mai rubuta kundi, mai shirya shirin rediyo, marubucin wasan kwaikwayo da yake so jaruminshi ya fita daga matsala ta hanyar da ake fita a zahiri ba ta hanyar gado ya faɗo daga sama ba, su ne za su more shi.

Ni dai huɗu cikin biyar na ba shi. Ɗayan da na riƙe zan sake shi ranar da suka fara sa wa tsofaffin labarai alamar ko shirin yana raye ko ya mutu, kuma suka sa a ƙarƙashin kowane labari wa ya biya kuɗin shirin, wa ya biya kuɗin rahoton.